Murjanin Kaka da Kifin Zobe: Yadda Ruwa Ke Zaɓen Mazaunansa

A hutun da ya gabata, da muka je gida Kurfi, mun iske kakarmu ta jawo tsohuwar adakarta tsakar gida tana shanya kaya, don sanyin damina ya fara sa su wari. A can ƙarƙashin zannuwan saƙi muka hango wani ɗan ƙulli. Da aka kwance, sai ga waɗansu jajayen duwatsu jere a zare, sun sha hannu har sun yi sumul. Muka kai hannu za mu ɗauka, ta make mu.

"Kai, kishiyoyin nan, ku aje mani murjanina! Da shi aka kai ni ɗaki, tun ubanku bai zo duniya ba."

Muka ce, "Iya, ashe ƙashin dabba kika daɗe kina ratayawa a wuya?"

Ta dube mu sama da ƙasa, ta ce lallai boko ya fara taɓa mu. Murjani dutse ne, daga Gabas fatake ke kawo shi.

Rabin maganar Iya gaskiya ne. Murjani na cikin kayan da fatake suka riƙa ƙetaro hamada da su daga Arewacin Afirka zuwa ƙasashenmu, kuma sunan ma daga Larabci muka aro shi. Duk wanda ya kai Suratur Rahman a Islamiyya ya gamu da kalmar. Sai dai murjani na gaske, ba na roba ko na gilas da ya cika kasuwa yanzu ba, ƙashin wata dabba ne da ke zaune a ƙarƙashin Bahar Rum. Wannan gardama da kaka ita ta sa, da muka koma jami'a a Dutsin-Ma, muka shiga bin diddigin dangin wannan dabba. Binciken ya kai mu tsibiran da ba mu taɓa gani ba, sannan ya dawo da mu bakin dam ɗin Zobe da darasi guda: a teku ko a tafki, halin ruwa ne ke yanke wa kowace halitta inda za ta zauna, da wadda za ta yawaita, da wadda za ta ɓace.

Dabba mai kama da shuka

Idan kuka ga hoton murjani a ƙarƙashin teku, za ku rantse shuka ce. Wani kamar itace mai rassa, wani kamar kabeji, wani kamar mafici. Amma kowane ɗaya taro ne na dubban 'yan mitsi-mitsin dabbobi da ke manne da juna. Kowace tana da baki a tsakiya da 'yan hannuwa kewaye da shi, da su take cafke abincin da ruwa ya kawo. Ba ta tafiya ko'ina. Inda ta manne tun tana ƙarama, nan za ta rayu, nan za ta mutu.

Masana sun kasa murjani gida biyu. Akwai mai tauri, wanda ke gina wa kansa gida da irin sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai. Hannuwansa 6 ne, ko ninkin 6. Shi ne ke tara tuddan dutse a cikin teku, kuma da irin wannan dutse aka gina tsofaffin gidajen birnin Jidda. Sai kuma mai laushi, wanda hannuwansa 8 ne cif, kowane da 'yan gefuna kamar gashin tsuntsu. Yawanci ba ya gina dutse. Jikinsa kamar tsoka ne ko fata, da 'yan ƙananan tsinkaye a ciki masu tallafe shi, shi ya sa yake rangaji idan ruwa ya kaɗa. Dangin masu hannu 8 sun haura iri 3,000.

Murjanin Iya, duk da taurinsa, ɗan wannan gida ne na masu hannu 8. Yana son kogo da wurare masu ƙarancin haske, kuma girmansa na da nawa ƙwarai: kaurin reshensa ba ya ƙaruwa da ko milimita 1 a shekara. Ke nan kowace ƙwaya a zaren kaka ta ci shekaru masu yawa kafin a ciro ta.

Akwai wani sirri da sai an san shi ake gane sauran bayanin. Da yawa daga cikin murjanai suna da 'yan haya a jikinsu, wato wata irin gansakuka da ido ba ya gani. Murjani ya ba ta masauki, ita kuma ta haɗa abinci da hasken rana, kamar yadda ganye ke yi, ta biya kuɗin haya da shi. Ita ce ma ke ba shi launin ƙasa-ƙasa ko kore-kore. Wasu kuma ba su da ɗan haya ko ɗaya, sai abin da suka kama da hannunsu. Wannan bambanci shi ke raba musu unguwanni.

Abubuwa biyar da ke raba musu unguwa

Ku ɗauki tsibiri guda a yankin zafi, a ce a Indonusiya ko kusa da Zanzibar. Wanda ya kewaya shi a ƙarƙashin ruwa ba zai ga murjani iri ɗaya a ko'ina ba. Wani gefen cike yake da iri-iri, wani gefen iri biyu ko uku ne suka mamaye, wani kuma fayau. Abubuwa biyar ne suka fi jawo haka.

Na farko, haske. Masu 'yan haya dole su zauna inda rana ke ratsa ruwa. Idan kogi ya kwararo da laka, ruwan ya dagule, haske ya ragu, lakar kuma ta kwanta a kansu ta toshe musu baki. A gaɓar Ostireliya akwai jerin tuddan murjani mafi girma a duniya, mai tsawon kusan kilomita 2,300. Wata masaniya mai suna Katharina Fabricius da abokan aikinta sun daɗe suna ƙidayar murjani mai laushi a can. Sun gano cewa duk inda ruwa ya fi dagulewa, musamman kusa da gaɓa, ire-irensa raguwa suke yi. Masu jimiri irin Sinularia, mai kaurin fata, su ke jure zaman kusa da gaɓa, alhali dangin Xenia sun fi yawa a can ciki inda ruwa yake garau.

Na biyu, zafi. Murjanin yankin zafi ya fi walwala tsakanin digiri 23 zuwa 29 a ma'aunin Salshiyos. Idan zafin ya ɗara abin da aka saba gani a lokacin bazara da digiri 1 kacal, kuma ya ɗauki makonni, sai zaman haya ya lalace. Murjani ya kori gansakukar, ya koɗe ya yi fari fat, yunwa ta kama shi. In ruwan ya huce da wuri yakan farfaɗo, in ba haka ba ya mutu. An ga irin wannan koɗewa a faɗin duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, sannan a watan Afrilun 2024 aka sanar da karo na huɗu. A 1998 tsibiran tsakiyar ƙasar Seshel, a Tekun Indiya, sun yi asarar kusan kashi 90 cikin 100 na murjaninsu. Mai tauri in ya mutu yakan bar dutsensa a tsaye. Mai laushi narkewa yake yi, ko alamarsa ba a cika gani ba.

Na uku, gishiri. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kusan giram 35. Murjani da shi ya saba. Ambaliyar ruwan daɗi daga kogi kan tsinka gishirin, ta kashe na kusa da bakin kogin. Bahar Maliya, wadda alhazanmu ke hangowa ta tagar jirgi kafin su sauka Jidda, babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinta. Gishirinta ya kai kusan giram 40, ruwanta garau, kuma tana cikin wuraren da murjani mai laushi ya fi ƙawatarwa.

Na huɗu, gudun ruwa. Tunda dabbar ba ta tafiya, ruwa ne ɗan aikenta. Shi ke kawo abinci, shi ke share mata laka, shi ke ɗaukar 'ya'yanta zuwa sabon wuri. Marasa 'yan haya, irin Dendronephthya mai launin ja da ruwan hoda, suna zama a gangare mai zurfi ko ƙarƙashin inuwar dutse, matuƙar ruwa na gudu sosai. Masu siffar mafici kuwa sukan buɗe faɗinsu su tari ruwan gaba da gaba, kamar yadda ake tare rafi da koma. A saman tudu, inda igiyar ruwa ke duka dare da rana, sai gajeru masu shimfiɗa jiki ne ke iya zama.

Na biyar, taki. Takin gona da ƙazantar gari in sun shiga teku, ciyawar ruwa ce ke cin moriya. Ta yi tofo, ta rufe duwatsu, jaririn murjani ya rasa wurin mannewa.

Wataƙila wani ya ce, to ina ruwanmu? Tuddan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren halittun teku a nan suke samun mafaka ko abinci. Miliyoyin masunta da su suka dogara. Akwai ma wani murjani mai laushi a tsibiran Bahamas da ake ciro sinadarin rage kumburin fata daga jikinsa ana sawa a man shafawa.

Me ya hana shi zama a gaɓar Najeriya?

Najeriya na yankin zafi, tana kuma da teku daga Legas har Kalaba. Amma ba mu da manyan tuddan murjani irin na Gabashin Afirka. Babban dalili shi ne koguna. Kogin Neja, wanda muke kira Kwara, yana tafiyar sama da kilomita 4,000 yana kwasar laka, ya juye ta a Tekun Atlantika tare da ruwan daɗi mai ɗimbin yawa. Ruwan gaɓarmu a dagule yake, ƙasansa kuma yashi ne da taɓo, babu dutsen mannewa sosai. Sai an nausa cikin teku zuwa tsibirai irin Sao Tome da Firinsife, inda ruwa ya fi haske kuma akwai duwatsu, ake samun murjani, har da masu siffar mafici.

Ga inda zancen ya shafe mu. Ruwan saman da ya sauka a gonakin Dutsin-Ma yana gangarawa kogin Karaɗuwa. Karaɗuwa ta zama Bunsuru, Bunsuru ta shiga Rima, Rima ta haɗu da kogin Sakkwato, shi kuma ya faɗa Kwara. Madatsun ruwa irin Goronyo da Kainji suna tare laka da yawa a hanya, amma hanyar a haɗe take tun daga bayan gidanmu har teku. Madatsa ta farko a wannan doguwar tafiya kuwa ita ce tamu, Zobe.

Zobe ma tana da unguwanni

An kammala dam ɗin Zobe a 1983, a kan kogin Karaɗuwa. Bangon ƙasa ne mai tsayin mita 19 da tsawon kusan kilomita 3, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa sama da mita miliyan 170 a ma'aunin kubik, ya shayar da gonaki hekta 8,000. Ya yi shekaru da dama ba a ci moriyarsa yadda aka tsara ba, sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin tura ruwan sha daga cikinsa zuwa Katsina da garuruwan da ke hanya. A duk tsawon shekarun nan masunta da manoman rani na ƙauyuka irin Garhi da Maƙera suna ci daga gare shi.

Babu murjani a Zobe, don ba ya rayuwa a ruwan daɗi. Amma in aka cire gishiri, sauran abubuwa huɗun nan suna aiki a nan kamar yadda suke yi a tsibiran Indonusiya, sai kuma ƙari guda: iskar oksijin da ke narke cikin ruwa, wadda kifi ke shaƙa.

A watan Agusta ruwa kan zo ja wur da laka. Haske ba ya shiga da nisa, don haka 'yan ƙananan tsirran da ke yawo cikin ruwa, waɗanda su ne tushen abincin kowa, sukan ragu. Karfasa da su take kiwo. Namijinta kan haƙa ɗan gurbi a ƙasa inda ruwa ba zurfi, macen kuma ta riƙe ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe. Tarwaɗa kuwa duhu bai dame ta ba, da gashin bakinta take laluben abinci, kuma zuwan sabon ruwa ne ke tayar da ita ta haura cikin ciyawar da ruwa ya malale ta zuba ƙwai. Ashe laka ɗaya, wani ta takura masa, wani ko a jikinsa.

Da hunturu, a Disamba da Janairu, laka ta kwanta, ruwa ya yi sanyi. Karfasa 'yar ɗumi ce, in ruwa ya sauko ƙasa da digiri 20 takan rage ci, girmanta ya tsaya. Masu kiwon kifi sun san wannan sarai.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, ruwa ya ja baya ya ɗauki zafi. A nan ne lissafin oksijin ke fitowa. Lita guda ta ruwa mai zafin digiri 20 tana iya riƙe oksijin kusan miligiram 9. A digiri 30 bai wuce 7 da rabi ba. Wato a daidai lokacin da jikin kifi ya fi buƙatar iska, a lokacin ruwa ke da ƙarancinta. Da dare kuma tsirran ruwa ba sa samar da oksijin, shaƙa suke yi kamar kowa. Shi ya sa in za a ga kifi ya taso sama yana haki, da asuba ake gani. Tarwaɗa ta tsira a nan ma, don tana da wata gaɓa a bayan kai da ke ba ta damar haɗiyar iska daga sama.

Saboda haka tafkin ba wuri ɗaya ba ne. Bakin da kogi ke shigowa daban, gefen ciyawa daban, tsakiya mai zurfi inda haske ba ya kai ƙasa daban. Masunci bai karanta wannan a littafi ba, amma ya san inda zai kai taru da inda zai kafa mali, kuma ya san wurin na sauyawa da wata. Abin da masana ke yi da na'ura, shi da ido da shekaru ya koye shi.

Kududdufin bayan gari

Ba sai an je Zobe ba. Kududdufan Kurfi, da na kowane gari, inda aka ɗebi ƙasar gini damina ta cika ramin, su ma ajin karatu ne. Ruwansu ba ya gudu, yana zafi da wuri, yana ƙafewa da rani. Wa ke iya zama a nan? Sai masu dabara. Kwaɗi su yi sauri su ƙyanƙyashe kafin ruwa ya tafi. A fadamu da tafkunan da ke ƙafewa, gaiwa kan nutse cikin taɓo ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar kafar numfashi, ta yi watanni tana jiran damina. Hausawa kan ce jikinta take ci, kuma kimiyya ba ta ƙaryata su ba, don da tsokar jikinta take rayuwa a wannan zama.

Akwai kuma wani mazaunin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Ruwa mai kwanciya, marar zurfi, mai ganye da ciyawa, shi ne gidan wata 'yar ƙaramar katantanwa. A jikinta tsutsar tsargiya ke girma. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe su shiga katantanwa, daga baya su fito su huda fatar wanda ya shigo wanka ko wanki. Bayan wani lokaci ya fara ganin jini a ƙarshen fitsari. Wasu yaran kan ɓoye don kunya, wasu ma suna ɗauka alamar balaga ce. Cuta ce, tana rage jini, tana lalata mafitsara in ta daɗe, kuma tana da magani a asibiti. Duk wanda ya ga alamar ya gaya wa iyayensa ko malaminsa. Kun ga ke nan, sanin wace halitta ke son wane irin ruwa ba zancen jarrabawa kaɗai ba ne.

Hannunmu a ciki

Ruwa ba ya tsami banza. Idan aka sare itatuwan bakin rafi, aka yi huɗa har gaɓa, ruwan sama zai kwashe ƙasar gona ya zuba a dam. Manomi ya yi asarar ƙasa mai kyau, dam ya riƙa cikewa daga ƙasa, kifi ya rasa wurin ƙwai. Idan taki ya yi yawa a gonar rani, ragowarsa ruwa yake komawa, ruwan ya yi kore shar, gansakukar in ta mutu ta ruɓe ta cinye oksijin. Wanke tankin feshi a bakin ruwa, ko zuba guba irin gamalin don kama kifi, yana kashe babba da ƙarami, ya bar dafin a cikin abin da za mu ci.

Sauya tafiyar ruwa kaɗai ma ya isa ya sauya mazauna. A dausayin Haɗeja da Nguru, bayan gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwan da a da yake zuwa ya tafi ya koma zama duk shekara a wasu wurare. Ciyawar kacala ta samu abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Labarin ɗaya ne da na tsibiran can: hali ya sauya, masu jimiri kaɗan suka mamaye, sauran suka ja baya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ku gwada da kanku

Gani ya kori ji. Ga gwaji uku da ƙungiyar kimiyya ta kowace makaranta za ta iya yi ba tare da kashe kuɗi ba.

Na ɗaya, awon hasken ruwa. A samu farin murfin bokiti mai faɗin kusan santimita 20, a huda tsakiya, a zura igiya, a ɗaura dutse a ƙasa don ya nutse. A yi wa igiyar ƙulli a kowane santimita 10. A saki murfin a hankali har ya ɓace wa ido, a rubuta tsawon igiyar da ta shiga. Wani masani ɗan Italiya, Angelo Secchi, shi ya fara amfani da irin wannan faifai a 1865, kuma har yau masana teku na aiki da shi. Mun gwada namu a wani kududdufi a Kurfi cikin Agusta. Ko taƙi guda igiyar ba ta shiga ba murfin ya ɓace. Muna jiran hunturu mu sake, mu ga bambanci.

Na biyu, awon laka. A cika farar kwalba da ruwan rafi bayan an yi ruwan sama, wata kuma da ruwan rijiya. A ajiye su kwana guda ba motsi, a auna kaurin abin da ya kwanta. Wannan ƙasar daga gonar wani ta fito.

Na uku, aikin taki. A zuba ruwan kududdufi a kwalabe biyu, a sa ɗan takin zamani kaɗan a ɗaya, a ajiye su inda haske ke samunsu. A riƙa dubawa har mako biyu, a rubuta wadda ta riga yin kore.

In da hali, a buɗe littafi guda a riƙa rubuta ire-iren kifin da ake gani wurin masu sayarwa a kowane wata, da sunayensu na Hausa, a tambayi masu sayarwar daga ina aka kamo su. Bayan shekara za ku mallaki bayanin da babu shi a littafin karatunku.

Sharaɗi dai: kada kowa ya je bakin ruwa shi kaɗai, kada a shiga cikin ruwan, a ɗebo shi da guga ko moɗa, a wanke hannu da sabulu. A tafi da malami, da izinin iyaye, kuma a bi shawarar manya game da halin tsaro kafin a fita bayan gari. Wanda ya ji abin ya kwanta masa a rai, ya riƙe bayoloji da kemistiri da kyau. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da sashen nazarin kifi da kiwonsa, ga kuma Zobe a kusa.

Da muka sake komawa Kurfi, mun nuna wa Iya hoton jan murjani mai rai a waya, da fararen 'yan hannuwansa a buɗe. Ta karɓi wayar ta kai kusa da ido, ta ƙirga hannuwan ɗaya bayan ɗaya har 8. Ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Ikon Allah. To shi wannan mi yake ci?"

Muka ce abin da ruwa ya kawo masa.

Ta ce, "Ashe duk ɗaya muke da shi." Ta mayar da ƙullinta ƙasan adaka, ta ce mu tashi mu ɗebo mata ruwa tun rana ba ta faɗi ba.